Ragar Da Aka Kora Daga Kasuwar Amurka Kada Ta Sami Masauki A Jikin Matan Nijeriya

Ran 16 ga watan Afrilu na shekarar 2019, hukumar da ke kula da abinci da magunguna ta ƙasar Amurka, watau FDA, ta umarci kamfanonin Boston Scientific da Coloplast su janye wata haja daga kasuwa nan take. Hajar kuwa ita ce wata 'yar raga ta roba wadda likitocin fiɗa ke shigarwa ta gaban mace su ɗinke, domin ta tallafi mafitsara ko mahaifa idan sun zazzago. Hukumar ta ce kamfanonin sun kasa kawo hujja mai gamsarwa cewa amfanin ragar ya rinjayi cutarwarta. Kafin a kai ga wannan hukunci, irin wannan raga ta shekara 17 a kasuwa, an kuma riga an dasa wa mata dubu ɗaruruwa.

To, wannan umarni iyakarsa Amurka. Ba shi da ƙarfin doka a Ikko, ko a Abuja, ko a asibitocin Indiya da Masar inda masu hali ke kai iyalansu. Kowace ƙasa ita ke da alhakin tsare nata mutane. Saboda haka maganar ta shafi kowane magidanci ɗan Arewa da neman abinci ya kai shi Agege ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ko Anaca, ko Fatakwal. Shi ne wanda in lalura ta sami uwargida yakan kai ta asibitin da ba a jin harshenta, ko kuma ya ɗaure kuɗin da ya daɗe yana tarawa ya sa ta a mota zuwa Abuja, wai can ne aka fi ƙwararrun likitoci. A kowane hali, takarda ake miƙo masa da Turanci, a ce ya sa hannu.

Cutar Da Ba A Faɗa

Ita wannan lalura tsohuwa ce, ungozomomi sun san ta tun kaka da kakanni. A ƙasan marar mace akwai tsokoki da tantani waɗanda ke riƙe da mahaifa da mafitsara da ƙarshen hanji, kamar yadda gammo ke riƙe tulu. Yawan haihuwa, da doguwar naƙuda, da ɗaukar kaya masu nauyi, da tari mai daɗewa, da tsufa, duk suna sassauta su. Idan suka saki, sai mace ta riƙa jin nauyi a gabanta, wani lokaci har naman ya leƙo waje. Wata kuwa fitsari ne ke kufce mata in ta yi tari ko atishawa ko dariya. Macen da ta haihu takwas, ta yi daka da ɗibar ruwa tsawon rayuwarta, ita ce kan gaba wajen kamuwa. Cutar ba ta cika kisa ba, amma tana hana mace sukunin salla da shiga biki da zaman aure. Wanda ya zo mata da alkawarin waraka cikin aikin da bai kai sa'a guda ba, ko shakka babu za ta saurare shi.

Da wannan alkawari aka tallata ragar. Ana saƙa ta ne da wata roba mai suna folifurofilin, dangin wadda ake saƙa buhun taki da ita, sai dai an tace ta domin aikin asibiti. Tun wajen 1958 likitoci ke amfani da irinta wajen toshe ƙaba a bangon ciki. Hikimar ita ce, idan an shimfiɗa ta, naman jiki zai tsiro ya ratsa ƙofofinta har su zama abu guda. Nan ne amfaninta yake, nan ne kuma masifarta take. Mai karatu ya dubi yadda duma ke yaɗo ya sarƙe darni: ranar da aka so cire darnin, tilas a sassare duman. Haka ragar take, an yi ta ne don ta zauna har mutuwa. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma sai ya yi dubu bai fito ba.

Yadda Ta Shiga Kasuwa

Abin takaici shi ne hanyar da aka bi aka halatta ta. Dokar Amurka ta yarda a sayar da sabon kayan asibiti ba tare da dogon gwaji a jikin mutane ba, muddin kamfani ya nuna cewa kayan ya yi kama da wani da ke kasuwa tun da fari. A 1996 aka amince da wani ɗamarin roba mai suna ProteGen na kamfanin Boston Scientific, domin tsayar da ɗigar fitsari. A 1999 kamfanin ya janye shi saboda raunukan da yake yi wa mata. Duk da haka, kayayyakin da aka halatta bisa hujjar sun yi kama da shi suka ci gaba da zama a kasuwa, wasu kuma suka biyo bayansu bisa hujjar sun yi kama da su. An sare uwar bishiya, an bar 'ya'yanta suna toho. A 2002 aka amince da raga ta farko ta gyaran zazzagowa ta gaban mace, kafin wani lokaci kamfanoni suka shiga tsere, kowa da nasa samfurin, da alluransa, da wakilansa masu zagaya asibitoci.

Bangon ciki daban, gaban mace daban. Fatar wurin siririya ce, ba ta rabuwa da ƙwayoyin cuta, ga jijiyoyi birjik, ga motsi na tafiya da zama da kwanciyar aure. Bayan watanni ko shekaru, sai ragar ta fara cin naman da ke rufe da ita har bakinta ya fito fili, ko ta huda mafitsara, ko mafitar fitsari, ko hanji. Wani lokaci takan ƙanƙance ta taurare, ta janyo jijiyoyi, mace ta riƙa jin kamar ana yankanta da reza daga mara har cinya. Sai jini, da ruwa mai wari, da ciwon mafitsara mai tafiya yana dawowa. Kwanciyar aure takan gagara, har akan sami maigida ya ji rauni daga bakin ragar da ya fito. Akwai matan da suka koma tafiya da sanda ko keken guragu. Wanda ya san halin da matan da ke fama da yoyon fitsari ke shiga a Arewa, na saki da ƙyama da komawa gaban iyaye, ba ya bukatar a gaya masa abin da irin wannan ciwo zai yi wa auren mace.

A watan Oktoba na 2008 hukumar FDA ta yi gargaɗin farko, bayan ta karɓi koke fiye da 1,000 cikin shekara uku, amma ta ce matsalar ba ta cika faruwa ba. A watan Yuli na 2011 ta lashe amanta. Ta ce tsakanin 2008 da 2010 wasu koke 2,874 sun sake shigowa, ta kuma bayyana cewa munanan matsalolin ba kaɗan ba ne, har kimanin mace ɗaya cikin goma da aka yi wa gyaran zazzagowa da raga kan sami cin nama kafin shekara ta zagayo. A 2012 kamfanin Ethicon, reshen Johnson & Johnson, ya daina sayar da wasu samfuransa, ciki har da Prolift. A ƙarshen 2016 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci 35 na Birtaniya: matan da aka sa wa raga ba su fi waɗanda aka ɗinke da naman jikinsu samun sauƙi ba, kuma kashi 12 cikin ɗari nasu sun gamu da matsalar ragar cikin shekara biyu. Watau an ɗora musu hatsari, ba a ƙara musu lafiya ba.

Matan Da Aka Ƙaryata

Wani abu da ya fi raunin zafi shi ne ƙaryatawa. Shekara da shekaru mata suna komawa asibiti da kuka, ana ce musu tsufa ne, ko yankewar haila, ko kuma zuciyarsu ce ke raya musu ciwo. Alhali kuwa jiki magayi. Sai da suka haɗa kansu ƙungiya ƙungiya, suka ajiye kunya suka tsaya gaban 'yan majalisa da 'yan jarida, sannan aka saurare su. A 2014 ministan lafiya na Sikotilan ya nemi asibitoci su dakatar da aikin. A ƙarshen 2017 Ostareliya ta soke izinin ragar gyaran zazzagowa ta gaba, a watan Oktoba na 2018 kuma ministan lafiyarta, Greg Hunt, ya fito ya nemi gafarar matan a madadin ƙasa. A watan Nuwamba na 2019 Mai shari'a Anna Katzmann ta Kotun Tarayya ta Ostareliya ta ba mata fiye da 1,350 gaskiya a ƙarar da suka kai Ethicon, ta ce kamfanin ya yi sakaci, bai kuma yi gargaɗin da ya kamata ba. A Amurka ƙararrakin sun haura 100,000, kuɗin da kamfanoni suka biya ya kai dala biliyoyi.

A Ingila an dakatar da aikin a watan Yuli na 2018. Ran 8 ga Yuli na 2020 kwamitin Julia Cumberlege, 'yar Majalisar Dattawan Birtaniya a lokacin, ya fitar da rahotonsa bayan ya saurari ɗaruruwan mata. Ya ce tsarin kiwon lafiya ya toshe kunnensa, ya nemi gwamnati ta ba da haƙuri, a buɗe cibiyoyi na musamman na cire raga, a buɗe littafin da za a riƙa rubuta kowane abu da aka dasa a jikin mutum, a kuma bayyana kuɗin da kamfanoni ke ba likitoci. Mai karatu ya lura: waɗannan mata ne masu ilmi, masu lauyoyi, masu magana da harshen likitansu, a ƙasashen da kotu ke aiki. Duk da haka sun fi shekara goma kafin a yarda ciwonsu ciwo ne. To ina ga 'yar Daura da ke zaune a Agege, wadda ko sunan abin da aka ɗinka mata ba ta sani ba?

Gaskiya ba ta yarda a yi wa kayan kuɗin goro ba. Siririn ɗamarin da ake sawa ƙarƙashin mafitar fitsari domin tsayar da ɗiga, wanda likitan Suwidin Ulf Ulmsten ya ƙirƙiro, bai shiga haramcin Amurka na 2019 ba, kuma mata da yawa sun ji daɗinsa. Haka ragar da ake sawa ta cikin ciki. Amma su ma ba su kuɓuta daga aibu ba. Wani bincike da aka buga a 2017 kan mata fiye da 92,000 da aka sa wa ɗamarin a Ingila ya nuna kusan ɗaya cikin goma ta gamu da matsala, ko lokacin aikin ko cikin shekara biyar bayansa. Mace tana da ikon ta ji wannan lissafi ta ce ta yarda. Zalunci shi ne a yanke mata hukunci ba ta ji ba.

Darasin Yamai Da Babbar Ruga

Kada wani ya ce wannan labarin Turai ne kurum. A Yamai, babban birnin Nijar, an gwada wa matan da aka ɗinke wa yoyon fitsari amma ɗigar ba ta tsaya ba nau'o'in ɗamari dabam dabam, wasu na tantanin jikinsu, wasu na roba. Sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna kimanin ɗaya cikin biyar na waɗanda aka sa wa robar, ragar ta ci namansu ta fito. Dalili a fili yake: naman da doguwar naƙuda ta riga ta lalata, ya zama tabo, jini ba ya gudana cikinsa sosai, ba ya iya rufe baƙon abu. Matan ƙasar Hausa da yawa irin wannan nama gare su, don haka hatsarin ya fi kusa da su.

Daɗin daɗawa, Arewa ba baƙuwa ba ce ga aikin gyaran gaban mata. Tun 1984 likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinkin yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina, inda ya yi wa dubban mata aiki ya kuma horar da likitoci da ma'aikatan jinya masu yawa. Ga cibiyar Laure a Asibitin Murtala na Kano, ga ta Sakkwato da ta Zariya, ga ta Danja kusa da Maraɗi. Waɗannan wurare sun nuna cewa hannu mai gwaninta, da allura da zare, da naman jikin mace kanta, suna yin aikin da ya gagari kayan kanti masu tsada. Ita ma zazzagowa tana da magunguna da ba sa barin kome na dindindin a jiki: motsa tsokokin mara bisa koyarwar ma'aikatan lafiya, da zoben roba da ake sawa a cire in an so, da ɗinki da naman jiki. Likitan da ya tsallake waɗannan bai ambata ba, ya zarce ga raga, yana da tambayar da zai amsa.

Me Ya Sa Gwarinpa?

Gwarinpa unguwa ce ta Babban Birnin Tarayya, wadda aka gina a zamanin mulkin Janar Sani Abacha, ana kuma ƙirga ta cikin manyan rukunan gidaje na Nijeriya. Akwai babban asibitin gwamnati mai ɗauke da sunanta, ga asibitocin kuɗi, ga gidajen manyan ma'aikata, ga kuma talakawan da ke musu gadi da dako da sayar da kayan miya. Daga nan zuwa hedikwatar hukumar NAFDAC a Wuse, ko Ma'aikatar Lafiya a Sakatariyar Tarayya, tafiyar ba ta kai sa'a guda a mota ba. Ambaton unguwar ba tuhuma ce ga wani asibiti ko wani likita ba. Ma'auni ce. A can ba wanda zai fake da nisa, ko rashin hanya, ko ƙarancin ma'aikata. Idan macen da aka kwantar a Gwarinpa, a ƙarƙashin idon hukuma, za ta iya fita asibiti ba ta riƙe da takardar da ta faɗi sunan abin da ke cikin jikinta ba, to ta Ɗanbatta da ta Illela sai dai Allah.

Dokoki kuwa akwai su. An kafa NAFDAC a 1993, kuma kula da kayan aikin asibiti yana cikin aikin da doka ta ɗora mata, ba magunguna da abinci kaɗai ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 23, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya bayyana wa majiyyaci halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da amfani da hatsari da kuɗin kowace hanya, da ikonsa na ƙin yarda, kuma gwargwadon hali ya yi bayanin da harshen da majiyyacin ke ji. A 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin majiyyata a Abuja. Amma dokar da ke cikin kabad ba ta hana wuƙa yanka. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a cikin wani bincike kan yara 200, inda 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, sai a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano kan dala miliyan 75. An daɗe ana jan shari'a a kan tambaya guda: an gaya musu ko ba a gaya musu ba?

Abin Da Ya Wajaba

Na farko, NAFDAC ta fito fili ta buga a jaridu da rediyo, da Hausa da Yarbanci da Ibo, sunayen duk ragar gyaran mata da ta yi wa rajista, ta kuma rufe ƙofa ga duk samfurin da ƙasar da ta ƙera shi ta hana a sa wa matanta. Abin da bai dace da matar Bature ba bai dace da Hajiya ko Ladidi ba. Na biyu, Ma'aikatar Lafiya ta buɗe littafi guda na ƙasa, a riƙa rubuta kowace raga da aka dasa, da lambarta, da asibitin da likitan, a kuma riƙa bibiyar matan shekara shekara, a fara da asibitocin Babban Birnin Tarayya. Na uku, kada a ba wani asibiti izinin sa raga sai ya nuna inda za a cire ta in ta yi gardama, da wanda zai biya kuɗin. Na huɗu, Majalisar Likitoci ta Nijeriya ta tilasta wa likitoci bayyana duk wata kyauta, ko tafiya, ko horo da kamfanin kayan ya ɗauki nauyinsa. 'Yan majalisar da Arewa ta tura Abuja, waɗanda wasunsu maƙwabtan Gwarinpa ne, su sani wannan ma aikin wakilci ne.

Sai kuma laifin gida. Kunya ado ce, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Macen da ta taɓa yin aikin mara a gida ko a waje, ta kuma fara jin zafi, ko jini, ko ɗoyi, ko ciwo wajen kwanciya, ko da bayan shekara goma ne, kada a ce mata sammu ne ko iska ko sharrin kishiya. A mai da ita asibiti, a nemi takardun aikin, a tambaya ƙarara ko an bar wani abu a jikinta. Magidanci kuma ya tuna, hannun da yake sawa a takarda jikin wata yake sa wa. Kafin ya kama alƙalami ya tabbata an zaunar da ita an yi mata bayani da Hausa, in ya yiwu ta bakin mace 'yar'uwarta, an kuma amsa mata: mene ne sunan abin, wa ya ƙera shi, za a iya cire shi, wace hanya ce kuma ta rage in ta ƙi? Sarakunan Hausawa na zangunan Kudu, da limamai, da shugabannin kasuwannin shanu da na gwari, da malaman Islamiyyar matan aure, su ne gidan rediyon jama'arsu. Su isar da wannan magana inda jarida ba ta kaiwa.

Matan Ostareliya sun sami neman gafara bayan sun rasa lafiyarsu, na Amurka sun sami diyya bayan wasu sun rasa aurensu. Matan Nijeriya suna da damar da waɗancan ba su samu ba, watau labarin ya iso musu a rubuce, da shekarunsa da alƙalumansa da hukuncin kotunansa. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk hukumar da ta bari aka maimaita wannan ɓarna a jikin matan talakawa ba ta da bakin cewa ba ta sani ba.